Wen Ho Lee: yadda asalin mutum ya zama hujja a kansa a Los Alamos

Ranar 13 ga Satumba 2000, a kotun tarayya da ke Albuquerque ta jihar New Mexico, alƙali James Parker ya yi abin da ba kasafai ake jin alƙali ya yi ba. Ya dubi wani dattijo ɗan shekara 60 da ke gabansa, wanda ya kwashe kwana 278 a kulle shi kaɗai, ya ba shi haƙuri. Ya ce manyan jami'an da suka tafiyar da wannan shari'a sun kunyata ƙasar baki ɗayanta da kowane ɗan ƙasa da ke cikinta. Dattijon shi ne Dokta Wen Ho Lee, masanin kimiyya a cibiyar Los Alamos, inda Amurka ta ƙera bom ɗin nukiliya na farko. An gurfanar da shi da tuhuma 59. A ranar ya amsa guda 1, aka janye 58, ya koma gidansa.

An haifi Lee a 1939 a Nantou ta tsibirin Taiwan. Ya zo Amurka karatu a 1965, ya yi digirin digirgir a jami'ar Texas A&M, ya karɓi takardar zama ɗan ƙasa a 1974. A 1978 ya fara aiki a Los Alamos, daga baya ya shiga sashen da ake tsara makaman nukiliya. Aikinsa rubuta manhajojin kwamfuta ne masu lissafa yadda ƙarfe da sauran abubuwa ke motsi idan bom ya tashi. Ba a shiga wannan sashe sai da izinin ganin sirri mai suna Q, wanda Ma'aikatar Makamashi ke bayarwa bayan an binciki mutum ciki da bai. Lee ya samu, ya riƙe shi kusan shekara 20.

Sai an san yadda ake ba da wannan izini kafin a gane abin da ya same shi. Mai nema yana cike wani dogon fom da ake kira SF-86. A ciki zai rubuta iyayensa da 'yan uwansa da surukansa, da ƙasar kowannensu da inda yake zaune. Zai faɗi baƙin da yake hulɗa ta kusa da su a shekara 7 da suka wuce, da ƙasashen da ya je, da ko yana da gida ko fili ko asusun banki a waje, da ko yana riƙe da fasfo na wata ƙasa, da ko yana tallafa wa wani ɗan ƙasar waje da kuɗi. Daga nan masu tantancewa su auna shi da ƙa'idoji 13. Biyu daga ciki su ne ke yawan tsayar da wanda aka haifa a waje: ƙa'idar B, wadda ke duba ko wata ƙasa za ta iya matsa masa ta hanyar danginsa ko dukiyarsa, da ƙa'idar C, wadda ke duba ko ayyukansa sun nuna ya fifita wata ƙasa a kan Amurka. Dokar shugaban ƙasa mai lamba 12968, wadda Bill Clinton ya sa wa hannu a 1995, ta hana a nuna wa mai nema bambanci saboda launinsa ko addininsa ko ƙasar asalinsa. Ita dai dokar kuma ta ce duk inda aka sami shakka, tsaron ƙasa za a bai wa gaskiya.

Wannan fom ya shafi namu ma. Bahaushen da ya zama ɗan Amurka, ya nemi aikin soja ko na kamfanin da ke kwangila da Pentagon, wato Ma'aikatar Tsaron Amurka, shi zai cike. Kuɗin da yake aika wa mahaifiyarsa duk wata, da gonar gadon da ba a raba ba tukuna, da ƙanensa da ke aikin gwamnati a gida, duk sai ya rubuta, kuma kowanne yana iya jawo tambaya. A wurinmu wanda bai aika wa uwarsa komai ba shi ne abin zargi. A teburin mai tantancewa kuwa, wanda ya fi riƙon zumunci shi ne ya fi bayanin da zai yi. Ban ga laifin tambayar kanta ba. Gwamnatin da ke riƙe da uwar mutum a hannunta tana da igiyar da za ta iya ja, kuma an taɓa ganin ɓarna ta gaske: Larry Wu-tai Chin, haifaffen Sin da ya zama ɗan Amurka, ya shafe shekaru da dama yana tafinta a wani sashe na CIA, hukumar leƙen asirin Amurka, yana sayar wa Beijing sirri kafin a kama shi a 1985. Damuwata tana wurin da tambaya ta daina zama tambaya, aka mai da ita amsa.

A 1995 wani mutum ya kawo kansa ga CIA da tarin takardun gwamnatin Sin. A cikinsu akwai wata takarda ta 1988 mai ɗauke da wasu bayanai kan W88, ƙaramin kan nukiliya da Amurka ke ɗora wa makamai masu linzami na Trident a jiragen ruwan yaƙinta masu tafiya ƙarƙashin teku. Dama tun bayan gwaje-gwajen da Sin ta yi a farkon shekarun 1990 wasu masana ke mamakin yadda ta iya ƙanƙanta bom ɗinta cikin sauri haka. Daga baya CIA ta yanke cewa mutumin da ya kawo takardun yana ƙarƙashin ikon hukumar leƙen asirin Sin ne, amma kafin nan shugaban sashen bayanan sirri na Ma'aikatar Makamashi, Notra Trulock, ya riga ya tsaya a kan cewa an yi sata, kuma ido ya koma Los Alamos tunda can aka tsara makamin.

Rariyar da aka tace mutane da ita ita ce matsalar. An nemi wanda ke da damar ganin bayanan W88, wanda ya je Sin a tsakiyar shekarun 1980, kuma ya yi hulɗa da masanan Sin masu kawo ziyara. Lee ya je Beijing a 1986 da 1988 don taron masana, da sani da amincewar cibiyar. Matarsa, wadda ita ma ta yi aiki a Los Alamos, tana cikin masu tarbar baƙi daga Sin saboda tana jin harshensu. To wa za a tura tarbar baƙin Sin in ba mai jin Sinanci ba? Abin da cibiyar ta amfana da shi jiya, shi ya zama alamar zargi yau. A watan Mayu 1996 rahoton ma'aikatar ya nuna Lee da matarsa a matsayin waɗanda suka fi dacewa da zargin, hukumar binciken manyan laifuka ta FBI ta buɗe cikakken bincike a kansu. Ba a tsaya an lura cewa bayanan da ke cikin takardar nan sun daɗe da fita daga Los Alamos ba. Suna hannun rundunar sojan ruwa, da wasu cibiyoyin gwamnati, da kamfanonin da ke ƙera makaman, wato mutane masu yawan gaske. Sai a Satumba 1999, bayan shekara 3, FBI ta yarda cewa an tsuke binciken tun farko, ta sake buɗe shi. Wannan shi ne a bar jaki ana dukan taiki.

Akwai abin da ya kamata ya sa a dakata tun ranar farko. Lee ɗan Taiwan ne, tsibirin da ke zaman doya da manja da gwamnatin Beijing tun 1949, kuma danginsa can suke. Ƙa'idar da ke cewa a duba ƙasar da ke riƙe da dangin mutum, da an bi ta da gaske, Taipei, babban birnin Taiwan, za ta nuna. Abin da ya haɗa shi da babban yankin Sin harshe ne da kama. Wasu jami'an hana leƙen asiri na lokacin suna kafa hujja da cewa Beijing ta fi neman masu jinin Sin idan za ta ɗauki ɗan rahoto, don haka dole a fi sa musu ido. Ko da hakan gaskiya ne, yana nuna wanda Beijing ke ƙwanƙwasa wa ƙofa ne kawai, bai nuna wanda ya buɗe ba. A 1997 FBI ta nemi izinin sauraren wayar Lee a asirce, lauyoyin Ma'aikatar Shari'a suka ƙi kai buƙatar kotu, suka ce hujjar ba ta kai ba.

In ɓera da sata, daddawa ma da wari. Lee yana da nasa, kuma ba ƙanana ba ne. A 1982 ya buga waya ga wani masani ɗan asalin Taiwan, tsohon ma'aikacin cibiyar makamai ta Livermore, da FBI ke bincika, aka ji muryarsa a layin da ake saurare. Ya ba hukuma haɗin kai bayan haka, aka rufe maganar. A tafiyarsa ta 1988, Hu Side, ɗaya daga cikin manyan masu tsara makaman nukiliyar Sin, ya same shi a ɗakin otal tare da wani masani, aka yi masa tambayar da ta shafi sirrin bom. Lee ya ce bai amsa ba. Amma doka ta wajabta masa kai rahoton irin wannan ganawa da zarar ya dawo, bai kai ba sai bayan shekara 10. A 1994 Hu Side ya zo Los Alamos cikin wata tawaga, ya gaisa da Lee gaisuwar sanayya a gaban jama'a, abin da ya ƙara ɗaga gira. Rashin kai rahoton nan kaɗai ya isa a janye wa mutum izini, kuma da nan aka tsaya da babu mai cewa an zalunce shi.

A Disamba 1998 aka yi masa gwajin na'urar gano ƙarya. Waɗanda suka yi gwajin suka ce ya tsallake. Daga baya FBI ta duba sakamakon ta ce ba haka ba, ta sake wani a Fabrairu 1999 ta ce ya faɗi. An riga an fitar da shi daga sashen makamai a lokacin. Ranar 6 ga Maris 1999 jaridar New York Times ta buga babban labari cewa Sin ta saci sirrin nukiliya daga Los Alamos, kuma wanda ake zargi Ba'amurke ne ɗan asalin Sin. Ba a ambaci suna ba, amma a ƙaramin gari irin wannan ba a buƙatar suna.

Washegari jami'an FBI biyu suka zaunar da shi a wani ofis a Santa Fe, babu lauya tare da shi. Rubutaccen bayanin wannan zama ya fito daga baya, kuma mai karanta shi sai jikinsa ya yi sanyi. Sun ce masa zai rasa aikinsa da fanshonsa, 'yan jarida za su yi dafifi a ƙofar gidansa, 'ya'yansa za su ɗauki tabon har abada. Sannan aka tambaye shi ko ya san Rosenberg, mata da mijin nan da aka kashe a kujerar lantarki a 1953 kan miƙa wa Tarayyar Sobiyet sirrin bom. Aka ce masa su ne suka ƙi ba gwamnati haɗin kai, ya ga ƙarshensu. Lee ya yi ta maimaita cewa bai ba kowa komai ba. Ranar 8 ga Maris Sakataren Makamashi Bill Richardson ya sa aka kore shi.

Sai bayan an kore shi aka bincika kwamfutarsa da kyau, kuma a nan aka tarar da laifin gaske. A 1993 da 1994, da kuma 1997, Lee ya kwashe tarin manhajoji da bayanan makamai daga rukunin kwamfutocin sirri zuwa wanda ba na sirri ba, ya naɗi wasu a kaset. Tuhumar ta lissafa kaset 10, an sami 3, 7 sun ɓace. Bayan an fitar da shi daga sashen ya yi ta ƙoƙarin komawa ciki, har da tsakar dare, ya kuma goge fayiloli da yawa. Shi ya ce ajiya ya yi don gudun kada aikinsa ya salwanta idan kwamfuta ta lalace, kasusuwan kuma ya jefa su a kwandon shara na cibiyar. Wannan bayani bai gamsar da ni gaba ɗaya ba, kuma abokan aikinsa da dama sun ce abin da ya yi ganganci ne da ba a taɓa gani ba. Sai dai a lura da abu guda: shekara 3 ana bin sa saboda W88 da Beijing, alhali ɓarnar da ya yi tana zaune a kwamfutar ofishinsa. Da tsaron cibiyar yana duba abin da ma'aikata ke yi da fayiloli kamar yadda yake duba inda aka haife su, da tun 1993 an tare shi.

Ranar 10 ga Disamba 1999 aka kama shi. Cikin tuhuma 59 babu ta leƙen asiri ko ɗaya, amma 39 daga ciki suna ƙarƙashin dokar makamashin nukiliya, masu iya kai mutum ɗaurin rai da rai. A zaman neman beli manyan jami'an cibiyoyin makamai suka shaida cewa abin da ke cikin kasusuwan zai iya sauya ma'aunin ƙarfi a duniya. Aka hana beli. A gidan yarin Santa Fe ana kulle shi awa 23 a rana, fitila a kunne dare da rana, in an fito da shi motsa jiki da mari a ƙafarsa. Iyalinsa na ganinsa awa 1 a mako, jami'i na zaune yana saurare, kuma da farko an hana su magana da harshensu. Duk wannan kafin a fara shari'a.

A damina ta 2000 ginin ya fara rushewa. Masu gabatar da ƙara, da aka matsa su faɗi ƙasar da Lee ya yi niyyar amfanarwa, sai suka kawo jerin wurare har da Ostireliya da Faransa da Jamus da Singafo da Suwizalan, suka ce mai yiwuwa aiki yake nema a can, domin a 1993 an sanar da shi cewa ragin ma'aikata na iya shafarsa. Ya bayyana cewa yawancin fayilolin ba su ɗauke da tambarin sirri sosai a lokacin da ya kwashe su, daga baya aka ɗaga matsayinsu. Harold Agnew, tsohon shugaban Los Alamos, ya ce amfanin da Sin za ta samu daga gare su kaɗan ne. A watan Agusta babban jami'in FBI a shari'ar, Robert Messemer, ya amsa a gaban kotu cewa shaidar da ya bayar a baya, wadda ta taimaka wajen hana beli, ba daidai ba ce. Robert Vrooman, wanda ya taɓa shugabantar sashen hana leƙen asiri na Los Alamos, ya rantse cewa asalin Lee na cikin manyan dalilan da suka sa aka ware shi. Alƙali Parker ya umarci gwamnati ta miƙa takardun da za su nuna ko an yi zaɓen tuhuma bisa ƙabila. Kwana 2 kafin wa'adin ya cika aka sasanta.

Trulock ya musanta cewa ƙabila ta shiga aikinsa, kuma binciken cikin gida da lauyan gwamnati Randy Bellows ya jagoranta ya ce bai ga shaidar ƙiyayyar launin fata ba, ko da yake ya yi kaca-kaca da yadda ma'aikatar da FBI suka gudanar da aikin. Ina iya yarda cewa babu wanda ya zauna da niyyar cutar da Basine. Ba sai da mugun nufi ake yin irin wannan ba. Ya isa a zaɓi ma'aunin da tun farko mutum iri ɗaya zai kama.

A daidai wannan lokaci akwai wani da ya yi sakaci da sirri. John Deutch, tsohon shugaban CIA, an tarar ya ajiye bayanan sirri masu nauyi a kwamfutocin gidansa da ke haɗe da intanet. An dakatar da izininsa a Agusta 1999, bai kwana ko ɗaya a kulle ba, kuma Clinton ya yafe masa a Janairu 2001. Laifuffukan biyu ba girmansu ɗaya ba, na sani. Amma shi ma Deutch a Brussels aka haife shi, a 1945 ya zama ɗan Amurka, kuma ba a gina zargi a kansa da cewa Beljiyam yake yi wa aiki ba.

Lee ya sami alƙali ne saboda an kai shi kotun laifi. Wanda aka hana izini ko aka janye masa ba ya samun wannan. A shari'ar Egan ta 1988 Kotun Ƙolin Amurka ta ce babu mai haƙƙin a ba shi izinin ganin sirri, hukuncin na ɓangaren zartarwa ne, kuma tun daga nan kotuna ke janye hannu. Abdel-Moniem El-Ganayni, masanin kimiyya haifaffen Masar da ya zama ɗan Amurka a 1988, ya yi shekaru yana aiki a cibiyar Bettis kusa da Pittsburgh. A 2008 aka janye izininsa ba tare da an saurare shi ba, da hujjar cewa sauraren kansa zai taɓa tsaron ƙasa. Ya kai ƙara, kotun ɗaukaka ƙara ta ƙi shiga a 2010, shi kuma ya riga ya koma Masar. An ɗan sassauta ƙa'idojin a 2017: riƙe ƙasa biyu shi kaɗai ba ya hana izini, kuma an daina tilasta wa mutum miƙa fasfonsa na waje, muddin ya bayyana shi kuma da na Amurka yake shiga da fita. Nauyin kawar da shakka dai har yanzu a wuyan mai nema yake.

Bayan kama Lee wasu ƙungiyoyin malaman jami'a 'yan asalin Asiya sun yi kira ga matasansu da su ƙaurace wa neman aiki a cibiyoyin makamai. Clinton ya ce yadda aka tsare shi ya dame shi. Ranar 26 ga Satumba 2000 New York Times ta buga dogon bayani tana amsa gazawa a yadda ta ba da labarin. A 2006 aka biya Lee sama da dala miliyan 1.6 kan fallasa bayanansa da jami'ai suka yi: gwamnati ta ba da dala 895,000, kafofin labarai 5 suka haɗa 750,000. Bai koma aikinsa ba. A ƙarshen 2000 jami'an FBI sun shafe kwanaki suna tonon jujin Los Alamos suna neman kasusuwan nan, ba su same su ba. Kan batun W88 kuwa, wanda shi ne mafarin komai, ba a gurfanar da kowa ba.